Birni da Ƙauye a Shekarar Korona: Jawabi a Taron Reshe



A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda korona. Ranar 30 ga watan dokar hana fita ta fara aiki a Legas da Abuja, a Afrilu Ogun da Kano suka bi sahu. Mu na Anka da Gummi da Bukkuyum har hamdala muka riƙa yi da zamanmu na karkara. Ɗan birni na ɗaki ɗaya a gidan haya, ruwa sai na 'yan garuwa, abin sawa a baka sai ya fita nema, shi aka ce ya zauna gida. Mu kuwa ga rumbu, ga rijiya, damina na faɗuwa muka shiga gona.

Amma wannan lissafin tuwo ne. Da aka zo kan karatu, sai reshe ya juye da mujiya. An ce yara su bi darasi ta rediyo da talabijin da waya. Yaron Gusau mai wutar lantarki a gida ya ɗan samu abin da ya samu. Namu fa? Rediyon gidan ɗaya ce, ta maigida, tare suke tafiya gona, batirinta kuma na jin labarai ne. Da aka buɗe bayan watanni, mun tarar da 'yan aji uku suna lalube a baƙi da wasali. Wasu 'yan matan kuwa sai sunayensu a rajista.

Ko tazarar da muke alfahari da ita ba kowa ya same ta ba. Mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu suna cunkushe a sansani cikin garin Anka. Wa zai ce musu su ba da tazara? Kada kuma mu manta, gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a 2010, a su Bagega da Yargalma, ba daga birni aka kawo ta ba.

Saboda haka ba mu ga laifin abokan aikinmu masu neman canjin wurin aiki zuwa birni ba. Sai dai duk wanda ya tafi, aji ne ya bari babu malami. Kuma rufe makaranta bai tsaya kan korona ba: a Satumbar 2021 an sake rufe su saboda tsaro, aka katse layukan waya, darasin waya ya zama tatsuniya.

Muna roƙon reshe ya kai wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu uku buƙata biyu: alawus na musamman ga malamin ƙauye, da darussa bugaggu a takarda, a ajiye a kowace makaranta, waɗanda malami zai raba wa yara a zauren mai unguwa ranar da aka sake cewa a rufe.