A Rage Hidima Domin A Samu Lokacin Gyara Gida

Jawabin Sakataren al'umma a taron magidanta na wata-wata, Sabo, Ibadan



Maganarmu ta yau a kan lokaci take. Kowannenmu sa'o'i 168 gare shi a mako, mai kuɗi da talaka, babu wanda aka yi wa gyara. To mu duba inda suke tafiya. Magidanci ɗaya yana da taron 'yan garinsu, da taron ƙungiyar sana'arsa, ko ta 'yan goro ko ta 'yan canji ko ta masu kayan gwari a Bodija, ga zubin adashi, ga suna, ga ɗaurin aure, ga gaisuwar rasuwa, ga rakiyar baƙo tasha, ga ɗan siyasa ya aiko a zo a cika masa fili. In rasuwar a gida Arewa aka yi, tafiya da dawowa sun cinye mako. Iyayenmu mata ma haka, daga wunin biki sai barka, daga barka sai neman anko. Duk abubuwan alheri ne, amma ba a tauna taura biyu, balle goma.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, akwai ayyukan da zamanmu a nan ya dogara a kansu, kuma su ne kullum ake ɗagawa zuwa gobe, domin ba su da maroƙi, ba su da katin gayyata. Tun 1916 aka kafa Sabo, an haifi kakannin wasunmu a nan. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini a sashe na 42, ya ba shi ikon mallakar gida da fili a ko'ina a sashe na 43. Amma ranar da magana ta tashi, takarda ake tambaya, ita kuwa takarda a ofis ake yin ta, daga Litinin zuwa Juma'a, daidai lokacin da kasuwa ke ci. Wanda bai ware mata safiya ba, ba zai same ta ba.

Ga ayyukan da muke nufi. Na farko, rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar 1992 ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa. Ana yanka rago ranar bakwai, ana ciyar da unguwa, to a haɗa da wannan. Na biyu, lambar NIN, wadda tun 2021 yaro ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Na uku, katin zaɓe ga duk wanda ya kai shekara 18, da mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune, tun kafin INEC ta rufe. Na huɗu, rasiɗin kuɗin haya da yarjejeniyar shago a rubuce, a adana kwafinsu a wani wuri daban. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya ishe mu darasi kan yadda dukiya da takardu ke tafiya a yini ɗaya. Na biyar, taron iyaye da malamai a makaranta, da taron masu gidaje da 'yan haya na unguwa, inda ake yanke kuɗin 'yan banga da na gyaran taransifoma da lokacin kulle ƙofar layi. Duk wanda kujerarsa ke wofi, za a yanke a kawo masa ya biya.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawarwari huɗu domin ku duba.

Ɗaya, a haɗe tarukan ƙananan kwamitoci da wannan taro na wata-wata, a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba. Abin da sanarwa ce kawai, a aika ta waya.

Biyu, a koma ga wakilci. In hidima a wajen gari take, mutum uku su je da gudummawa da sunan kowa, a riƙa yin karɓa-karɓa. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ƙafar wakili ƙafarmu ce. Jana'iza da duba mara lafiya ba su cikin wannan, suna nan yadda muka gada.

Uku, kada mutum ɗaya ya riƙe muƙami fiye da biyu a ƙungiyoyinmu. A sakar wa matasa, su ma su koya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Huɗu, kowane gida ya ware safiya ɗaya a wata domin aikin takardu da makarantar yara. A rubuta ta a kalanda kamar ranar biki, in gayyata ta faɗo a ranar, a ba da haƙuri. Waɗanda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci su ma a bar musu darensu, domin mai karanta yarjejeniya da kansa ba a sa shi dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Mun san ba da haƙuri yana da nauyi a bakin Bahaushe, ana gudun a ce wane ya yi girman kai. Shi ya sa muke so a yanke wannan shawara a nan, gaban Sarki da malamai, domin ta zama ta kowa, kada a zargi wanda ya bi ta. A taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da littafi, kowane mai gida ya faɗi yaransa nawa ke da takardar haihuwa, nawa suka rage.

Allah ya sa albarka a lokacinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.