Lambar Bashi Da Sifiri A Kafaɗarta

Jawabi ga ɗaliban ajin manya na yaƙi da jahilci

Maganar yau ta lissafi ce.

Akwai lambobin da ba su kai sifiri ba. Ana sa musu ɗan karan ɗebewa a gaba, kamar −2. Manomin da ake bi bashin naira 2, kuma ba shi da ko kwabo, dukiyarsa −2 ce. A shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin irin waɗannan lambobi. Shi ma bashi ya kira su.

A littafin yaranku za ku ga ƙaramar lamba a kafaɗar babba, kamar 2³. Ma'anarta 2 sau 2 sau 2, wato 8. To, idan sifiri ne a kafaɗar fa? Da yawa sukan ce amsar sifiri ce. Ba haka ba ne.

A sauko a hankali. 2³ ya ba da 8. 2² ya ba da 4. 2¹ ya ba da 2. Kowane taki ana raba amsar da 2. Saura taki ɗaya: a raba 2 da 2, a sami 1. Ke nan 2⁰ ya ba da 1.

Haka lambar bashi take. −2 sau −2 ya ba da 4, domin wanda aka yafe wa bashin naira 2 har sau 2 ya tsira da naira 4. A raba 4 da −2, a sami −2. A sake raba −2 da −2. Bashin naira 2 sau nawa ya shiga cikin bashin naira 2? Sau ɗaya. Saboda haka (−2)⁰ ya ba da 1. Ko −50 ce, ko −1000, amsar 1 ce. Sifiri kaɗai ba a bi da shi ta wannan hanya, domin ba a raba lamba da sifiri.

A lura da baka biyun nan. Idan babu su, aka rubuta −2⁰, karan yana waje, amsar kuwa −1 ce. A nan yara kan rasa maki a jarrabawa.

Ɗan karan nan ƙarami ne, amma shi ke raba mai riba da mai bashi. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar kuɗi sai ya duba ko yana nan. Allah Ya ƙara mana sani.