Sankarar nono da awon gado: abin da mace za ta auna kafin ta biya kuɗi

  Hirarmu ta yau a kan lafiyar mata take. Maigida kada ka tashi, maganar ta shafe ka.

Akwai wata cuta da ake kira sankarar nono. Waɗansu na cewa ciwon daji, waɗansu na cewa kansa. Duk abu ɗaya ne. A nan Nijar, ita ce sankarar da ta fi kama mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2 da dubu 300 suka kamu da ita, kuma wajen dubu 670 suka rasu. Ba maita ba ce, ba sammun kishiya ba ne, kuma ba a ɗaukarta wurin cin abinci tare ko gaisawa.

Yau likitoci suna da wani awo da ke nuna ko mace ta gaji haɗarin wannan cuta daga iyayenta. Awon yana da tsada. To wa ya kamata ta yi shi? Nawa ya cancanci a biya? In an yi, me zai biyo baya?

Rubutun da ke cikin jiki

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da Allah ya ajiye. Rabinsa daga uwa ya fito, rabi daga uba. Shi ya sa yaro ke ɗauko tsawon kakansa ko hasken goggonsa.

Ku da kuke koyon karatu kun san aikin baƙi guda. In ka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", magana ta sake. In ka rubuta "baki" a maimakon "baƙi", mai karatu ya ɓata. Rubutun jiki ma haka yake. Wani lokaci baƙi ɗaya ke kuskurewa, kuma kuskuren ya bi zuri'a.

Cikin wannan rubutu akwai layi biyu da masana suka sa wa suna BRCA1 da BRCA2. Aikinsu kamar na mai gyaran rumbu ne: in wani wuri ya tsage cikin ƙwaya, su ke liƙewa. In an haifi mutum da kuskure a ɗayansu, gyaran ba ya tafiya daidai, sai sankara ta sami ƙofa.

Tun shekarar 1866 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya lura da cewa cutar tana bin matan dangin matarsa, daga kaka har jikoki. Amma ba a san dalili ba. Sai a 1990 wata masaniya ƴar Amurka, Mary-Claire King, ta nuna inda layin farko yake. An gano shi sarai a 1994, na biyu kuma a 1995.

Abubuwa uku da za ku riƙe

Na farko, yawancin sankarar nono ba gado ba ce. A duniya, cikin mata 100 masu cutar, 5 zuwa 10 ne kawai suka gaje ta. Amma a yankinmu na Afirka ta Yamma lissafin ya ɗan fi haka. Wata likita ƴar Najeriya, Olufunmilayo Olopade, da abokan aikinta sun auna mata 1,136 masu cutar a Ibadan. Sakamakon ya fito a 2018: cikin kowaɗanne mata 100, wajen 11 suna da kuskure a BRCA1 ko BRCA2.

Na biyu, gadon yana zuwa ta wajen uwa, yana zuwa ta wajen uba. Namiji na iya ɗauke da shi bai taɓa ciwo ba, ya ba ɗiyarsa. In uwa ko uba na da kuskuren, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin biyu: ko ya ɗauka, ko bai ɗauka ba, rabi da rabi. Saboda haka kada wani maigida ya ɗora wa matarsa laifi.

Na uku, gadon haɗari ba hukunci ba ne. Cikin mata 100 masu wannan kuskure, wajen 45 zuwa 70 ne ke kamuwa a tsawon rayuwarsu. Sauran suna tsufa ba su kamu da sankarar nono ba. Haka kuma wadda awo ya nuna ba ta gaji komai ba, ba ta kuɓuta ɗungum ba. Tana nan kamar sauran mata, sai ta ci gaba da kula da jikinta.

Maganar kuɗi

Awon kansa ba wuya. Jini kaɗan ake ɗiba, ko miyau. Amma karanta rubutun sai babban ɗakin bincike mai injuna masu tsada. Ba a yin sa a gidan likitan ƙauye. Inda babu injunan, sai a aika da jinin wata ƙasa.

Shekaru da yawa kamfani ɗaya ne a Amurka ke da ikon yin awon, yana karɓar fiye da dalar Amurka 3,000. A kuɗin sefa na lokacin, wajen miliyan ɗaya da rabi ke nan. A watan Yuni na 2013 babbar kotun Amurka ta yanke hukunci cewa ba wanda zai mallaki abin da aka halicci mutum da shi. Sai waɗansu kamfanoni suka shigo, farashi ya faɗi. A 2015 an sami mai yi a kan dalar Amurka 249, wato kusan jika 150.

Jika 150 ya yi sauƙi ga mai albashi a Amurka. Ga mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Magariya, kuɗin awaki ne da dama. Kuma wannan farashin awo ne kaɗai. Ba a sa kuɗin mota ba, ba a sa masauki ba, ba a sa kwanakin da za a bar gona da yara ba. Daga Magariya zuwa Damagaram wajen kilomita 90 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900.

Mace mai hankali ba ta sayen ƙwarya sai ta ƙwanƙwasa ta. To ga tambayoyi biyar da ya kamata ta yi kafin ta kwance bakin zanenta.

Tambaya ta 1: Shin ni ina cikin waɗanda awon zai amfana? In babu cutar a danginki, ba ki da buƙatar kashe wannan kuɗi.

Tambaya ta 2: Wa za a fara aunawa? Likitoci sun fi son a fara da wadda ke da cutar. In an ga kuskuren a jikinta, an san wurin da za a duba. Daga nan awon ƴan'uwanta ya fi sauƙi, ya fi araha. Ke nan dangi su haɗa kuɗi a auna mutum ɗaya ya fi kowace ta tafi ita kaɗai.

Tambaya ta 3: Wa zai yi mini bayani? Takardar sakamako ba ta magana. Ana buƙatar likita ya zauna da mace kafin awo da bayan awo, ya yi mata bayani da harshen da take ji. Wani lokaci ma takardar na nuna wani canji da masana ba su riga sun tantance ba. In ba mai fassara, an sayi tsoro da kuɗi. Wadda ta fi son mace ta duba ta, ta faɗa, ba abin kunya ba ne.

Tambaya ta 4: Wa zai ji sirrina? Wannan ta fi damun mata da yawa. Mace na tsoron a ce gidansu gidan cuta ne, a ƙi neman ɗiyanta, ko miji ya juya mata baya. Tsoron yana da dalili. Sakamako na mai shi ne. Ita ke zaɓen wanda za ta gaya wa. Ba a tilasta wa mace awo, ba a kuma auna yarinya ƙarama. Sai ta girma ta zaɓa da kanta. Amma ƴar'uwarki ta jini tana da amfani da labarin, domin ita ma yana iya shafarta.

Tambaya ta 5: In an ce ina da shi, me zan iya yi? Wannan ita ce uwar tambayoyi. Ga abin da likitoci ke yi wa mai wannan gado. Suna fara duba ta tun tana shekara 25 zuwa 30, a kai a kai, da hannu da hoton nono. Akwai maganin sha da ke rage haɗarin. Da yake gadon yana jawo sankarar ƙwan mace kuma, waɗansu in sun gama haihuwa ana yi musu aiki a cire ƙwan. Waɗansu ma suna yarda a cire nonon tun ba ciwo. Duk wannan yana son asibiti da kuɗi da goyon bayan gida. In mace ta sayar da dabbobinta duka ta biya awo, ba ta rage na zuwa asibiti ba, ta sayi guga ne babu igiya.

Awon da ba a biya

Akwai awo na farko da kowace mace za ta yi ba ko dala. Shi ne tarihin dangi. Nan karatunku zai yi aiki. Ɗauki littafinki da alƙalami. Je wurin tsofaffin gida, ɓangaren uwa da ɓangaren uba. Rubuta inna, goggo, kaka, ya da ƙanwa. Wa ta yi ciwon nono da bai warke ba? Tana da shekara nawa? Wa ta rasu da kumburin ciki da aka ce daji ne?

Ga alamomin da za su sa ki kai littafin wurin likita: mata biyu ko fiye a ɓangare ɗaya sun yi cutar, ko wata ta kamu ba ta kai shekara 50 ba, ko ta kama nono biyu, ko an sami sankarar ƙwan mace, ko namiji ya yi sankarar nono, domin maza ma suna yi, ko da yake ba su da yawa.

Awo na biyu shi ne hannunki. Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki da ƴan kwanaki, ki shafa nononki duka biyu har hammata. Ki nemi ƙullutu mai tauri, ko da ba ya zafi. Ki duba ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko gyambo ya ƙi warkewa. Mai shayarwa ma ta lura: shayarwa na rage haɗarin cutar, amma ƙullutun da ya daɗe bai baje ba, a kai shi a gani.

Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne. Amma likita ne kaɗai zai rarrabe. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a ɗaura magani a zauna wata shida ana jira. Abin da ke kashe matanmu shi ne zuwa a makare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai ƙullutu ba awon gado take buƙata da farko ba. Asibiti take buƙata, cikin satin nan. Hanyar ita ce: gidan likita mafi kusa, daga nan asibitin gunduma, daga nan babban asibitin Damagaram. A shekarar 2007 gwamnati ta sa sankarar mata cikin cututtukan da aka ɗauke wa kuɗin magani a asibitocinta. A 2021 aka buɗe sashen gashin sankara da inji, na farko a ƙasarmu, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Ki tambayi ma'aikacin lafiya abin da aka ɗauke miki da abin da za ki biya, tun kafin ki kama hanya.

Kuɗin mota kuwa, mata sun san dubararsa. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, suka bazu cikin ƙasa. Asusun da ke ba da rancen sana'a zai iya ware wani abu domin kai mamba asibiti. Ku kuma maza, in matarka ta ce ta ji wani abu a jikinta, ka ba ta izini, ka raka ta. Kwana ɗaya da ka bar gona ya fi shekara da za a yi ana jinya.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Ta wace hanya uba zai ba ɗiyarsa gadon sankarar nono?
2. In dangi suna da kuɗin awo ɗaya tak, wa ya kamata a auna, kuma don me?
3. Me ke hana matan garinku zuwa likita da wuri? Yaya za ku magance shi?

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen mata biyar na danginsa da abin da ya sani game da lafiyarsu. Takardar taka ce, ba a karanta ta a gaban aji.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.