Laimar Iska da 'Yan Itatuwan Tsakar Gida: Jawabi Ga Mazauna Zadawa

 

Abin da za mu yi magana a kai yau shi ne dalilin mutuwar 'yan itatuwan da muke dasawa a tsakar gidajenmu. Duk damina mukan sayo dashen mangwaro da gwaiba da lemo da gwanda daga Azare, mu yi ta ɗawainiyar ban ruwa, amma kafin bazara ta fita sai a tarar da yawa sun bushe. Sai mu ce ƙasa ce ba ta karɓa ba. To jama'a, sau da yawa laifin na iska ne.

Ita shuka, fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwarta ta sha, ta ganye yake fita ya shiga iska. Wanda yake so ya gani da idonsa, ya ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da safe, kafin azahar zai ga raɓa ta taru a ciki. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon saurin fitar ruwan nan. A ƙasar Katagum kuwa, daga Disamba zuwa Maris, laimar da ke cikin iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa shanya take bushewa nan da nan, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Abin da hunturu yake wa fatarmu, shi yake wa ganye. Ƙaramin dashe mai gajeriyar saiwa ba ya iya mayar da abin da iska ta kwashe, ko da gindinsa a jiƙe yake. Alamarsa ita ce bakin ganye ya ƙone, ya naɗe, fure ya kakkaɓe.

Wasu matasanmu suna tambaya a kan wani ɗan itace na Turawa da ake kira bulubari, ƙanƙane kamar magarya, launinsa ya yi kusa da na ɗinya. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, kuma a jihar New Jersey aka fara kai wanda aka noma kasuwa a 1916. Saiwarsa siririya ce, ba ta nitsawa ƙasa sosai, yana son ƙasa mai tsami, toka tana cutar da shi, kuma yawancin irinsa sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. An ce mana ai ƙasar Peru hamada ce, ga shi a 2019 ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Gaskiya ne, amma hamadarsu a bakin teku take, iskarta cike da laima, zafinta kuma bai kai na watan Afrilunmu ba. Wanda zai gwada, ya gwada tukunya ɗaya a inuwa. Kada ya zuba jarinsa.

To mene ne abin yi ga itatuwan da suka karɓi ƙasarmu?

Na farko, a tare iska. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, saboda haka a kafa zana ko dannin kara ta wannan gefen, ko a dasa a jikin katanga. A yi wa ƙaramin dashe 'yar rumfa wadda za ta bar hasken safe ya shiga, ta tare ranar tsaka.

Na biyu, a tara shuke-shuken tukunya ko na leda wuri guda. Ruwan da ganyen wannan ya fitar yana sanyaya wa maƙwabcinsa.

Na uku, a rufe gindi da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara.

Na huɗu, a binne tulu ko tukunyar ƙasa kusa da saiwa har wuya, a cika ta da ruwa, a rufe bakinta don sauro. Ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali dare da rana. Wannan tsattsafowar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ashe maganin yana hannun maginan tukwanenmu.

Yayyafa wa ganye ruwa da tsakar rana kuwa wahalar banza ce, cikin 'yan mintoci ya bi iska. Ban ruwa da asuba ko da la'asar sakaliya ya fi.

Sai dai a kula, idan damina ta kankama lissafin juyawa yake yi. A watan Agusta, lokacin da gishiri yake jiƙewa a kwano, laima takan yi yawa, ita kuma ke kawo ruɓewar saiwa da baƙin tabo a ganyen mangwaro. A lokacin sai a cire zana, a rarraba tukwane, a rage rassan da suka cushe don iska ta ratsa, a tabbatar gindin tukunya yana da huda, a janye ciyawa daga gindi. Ganyen da ya kamu a tsinke a ƙone.

'Yan uwa, dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga yadda itatuwa suka yi ta raguwa a arewacin jihar Bauchi. Itace ɗaya a tsakar gida inuwa ce ga iyali, abinci ne ga yara, sadaka ce mai gudana ga wanda ya dasa. Muna roƙon kowane magidanci ya tanadi zana da tulu tun watan Oktoba, kafin hunturu ya sauka, domin rigakafi ya fi magani. Iyayenmu mata kuma, waɗanda su ke wuni da waɗannan shuke-shuke, a isar musu da wannan bayani.

Allah ya sa albarka a abin da muka dasa, ya ba mu damina mai albarka.