Kachalla, ambaliya, da fadamar bayan gida

Yau daga Yankwashi nake magana, amma zan fara da gabas, wato dausayin Hadejia da Nguru.

Ku tambayi duk dattijon da ya taso a Guri ko Kirikasamma. A da, ruwan kogin Hadejia da damina yake zuwa, ya malale fadamu, da rani kuma ya janye. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya kawo shanu bayan ruwa ya sauka. Fili ɗaya ne, amma kowa da lokacinsa.

Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Ba ina zagin dam ba ne fa, noman rani a Kadawa da ruwan shan Kano sun dogara da su. Amma tun da aka koma sakin ruwa rani da damina, magudanan ruwa suka daina bushewa. To, abin da ciyawar kachalla take so ke nan. Ta yi kaka-gida, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan ya rasa hanya, ya karkata ta mashigin Marma, ya cinye gonakin wasu, su kuwa na gefen Burum Gana suna kukan fari. Ga jan-baki ya samu wurin kwana a cikinta, da safe ya faɗa gonar shinkafa.

Kuma wannan wuri ne da duniya ta sani. Baturiya tana cikin jerin Ramsar tun 2008, tsuntsaye daga Turai suna zuwa su yi hunturu a can.

Me ya shafe mu a ƙasar Kazaure? Fadama soso ce. Tana shanye ruwan damina, ta tura shi ƙasa, shi ne rijiyarka take ba ka a watan Afrilu. Mu kuwa muna cike ta da shara, ana yanka ta fuloti, tifa tana kwashe yashin rafi. Ambaliyar 2022 ba ta daɗe ba, kowa ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a Jigawa.

Matasan Roni, Gwiwa, Babura, ga aiki: kowa ya je fadamar garinsu, ya tambayi tsofaffi inda ruwa yake tsayawa a da, ya ɗauki hoton abin da ke wurin yanzu, ya turo mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, da su za mu buɗe shirin.