Zanen Aro: Iyakar Mai Riƙon Tambarin Wani



Duk wanda ya bi ta Challawa, cikin ƙasar Kumbotso, ya ga manyan motoci suna fitowa maƙil da lemon Coca-Cola. Masana'antar ta Nigerian Bottling Company ce, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951. Amma sunan da ke jikin kwalabar ba nasa ba ne, na wani kamfani ne da ke Atlanta, ƙasar Amurka. Izini aka ba shi ya cika kwalabe, ya manna tambari, ya sayar. To, yana da ikon ya ɗauki izinin nan ya danƙa wa wani?

Bari mu waiwayi tarihi. A 1899 Asa Candler, mai kamfanin Coca-Cola, ya bai wa lauyoyi biyu, Benjamin Thomas da Joseph Whitehead, izinin zuba lemon a kwalba a kusan dukan Amurka, a kan dala ɗaya tak. Ba su da jarin gina masana'antu ko'ina, sai suka riƙa yanka ƙasar suna ba wasu izini a ƙarƙashinsu. Da sukari ya yi tsada, kamfanin ya nemi warware yarjejeniyar, aka tafi kotu a 1920, alƙali ya ce ai ba a sa mata wa'adi ba. Wannan ya zama izina ga masu tambari.

Saboda haka galibin yarjejeniyoyin yanzu sukan hana miƙa tambari ga wani sai da amincewar mai shi a rubuce, su ƙayyade yanki da irin kaya da wa'adi. Idan izinin na sama ya faɗi, na ƙasa ma yakan bi shi, domin mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Dalili kuwa a fili yake: tambari alkawari ne ga mai saye. In ya yi ta yawo hannu-hannu, ba mai sa ido, ranar da kaya suka lalace sunan mai shi ne zai ɓaci.

Dokar Tambarin Kasuwanci ta Nijeriya ta 1965 ta yarda a yi wa mai aron tambari rajista, amma ba ta ba shi ikon sayar da wannan dama ko gadar da ita ba. In kuwa yarjejeniyar da kamfanin waje ce, sai an yi mata rajista a hukumar da aka kafa a 1979, wadda ake kira NOTAP tun 1992.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Manomin da aka ara wa gona a Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, ya san ba ya jinginar da ita. Zanen aro ba ya rufe katara.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake duba takardun nan. Ɗan kasuwa zai zo da kuɗin guminsa zai sayi izini a hannun ɗan tsakiya. Wajibinmu ne mu ce a kawo yarjejeniyar asali tukuna, kada ya gina masana'anta a kan iska. Sa'an nan mu tambayi kanmu: don me shinkafar Kura za ta riƙa shiga buhu mai sunan wata ƙasa kafin ta yi daraja? Mu taimaki manomanmu su yi wa nasu tambarin rajista, har wata rana a zo aro wurinmu.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu.