JAWABI A KAN MAZAJEN FARKO DA KE KWANCE A BAƘI'A

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

  

A wannan rana da muke aza harsashin masallaci, ya kamata mu tuna da waɗanda suka tsare masallacin Madina da jininsu. Gabas da masallacin nan akwai maƙabartar Baƙi'a, inda da yawa daga cikinsu suke kwance.

A can Usmanu ɗan Maz'unu yake. Ya halarci Yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, watau 624 Miladiyya, cikin mazaje 313. Shi ne na farko da aka binne a can cikin Muhajirai, kuma Manzon Allah da hannunsa mai albarka ya aza dutse a kabarinsa don kada wurin ya ɓace. A can Sa'adu ɗan Mu'azu yake, shugaban Ausu, wanda kibiya ta sama a Yaƙin Handaƙu, shekara ta 5, raunin ya zama ajalinsa. Haka kuma Abdurrahmani ɗan Aufu, wanda ya sha raunuka a Uhudu, da Abdullahi ɗan Mas'udu. Dukansu biyu sun cika a shekara ta 32. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi kuwa, jagoran Yaƙin Ƙadisiyya, a Aƙiƙu ya cika, mutane suka ɗauko shi a kafaɗa har Madina.

Ya 'yan'uwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan fita cikin dare ya je Baƙi'a ya nema musu gafara. To, mu fa? Tsohuwar maƙabartarmu, inda magabatanmu suke kwance, katangarta ta zube, dabbobi na kiwo a ciki, masu neman fili suna ci mata iyaka. In muka yi sake, jikokinmu ba za su san inda take ba.

Saboda haka muna roƙon jama'a, wanda ya kawo bulo don masallaci ya ƙara ɗaya don katangar maƙabarta. Malaman allo kuma su koya wa almajirai sunayen waɗannan mazaje, da addu'ar ziyarar kaburbura.

Allah ya yarda da sahabbai, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.